Yadda Na Dafa Wa Surukata Irin Masararta

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ni amarya ce, ko shekara ban cika a ɗakina ba. Daga Tambuwal aka kai ni Kebbe, bayan an gama kaka an share gonaki. Babana tela ne a bakin kasuwa, ba mu da gona ko ta kuɓewa, hatsinmu a mudu yake shigowa gida. Tun ina ƙarama an san ni da shegen bin diddigi a kan abinci. In na ci abu ya yi mini daɗi, hankalina ba ya kwanciya sai na san me aka zuba, har maƙwabta kan rufe tukunya in sun ji sallamata. Wannan halin ne ya kai ni na dafa irin masarar da surukata take adanawa tun kafin a haifi mijina, na kuma zuba mata a kwano ta ci da hannunta.

Abin ya soma ne daga wayar da aka sa mini a lefe. Sabis a gidanmu sai an je gindin rijiya an ɗaga hannu sama kamar mai kiran kaji, amma haka nake tsayawa ina kallon girke-girke. Wata rana na faɗa kan wata tsohuwa a ƙasar Meziko, can a ƙauyukansu na kan duwatsu inda sanyi ke sa su lulluɓa da mayafi mai kauri. Ba na jin ko kalma ɗaya ta yarensu, amma wallahi sai na ga kamar kakata. Ga murhu na itace, ga tukunyar ƙasa da wake a ciki, ga ta durƙushe a gaban dutsen niƙa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda suke yi wa masara. Ba su surfa ta, ba su kai ta inji a bushe. Sai su tafasa ta da wani farin gari, wasu kuma da tokar murhu tsagwaronta, su bar ta ta kwana a ruwan, da safe su wanke su cuɗa har ɓawon ya saluɓe, sannan su niƙa ta da danshinta. Ƙullun sai ya yi danƙo, su tafa shi a tafin hannu ya yi faɗi siriri, su ɗora a kasko ba ko ɗigon mai, ya kumbura. Su gasa tumatir da barkono su dandaƙa a turmin dutse, shi ke nan an yi miya. Har furen kabewa suke ci, mu da muke barin shi ya zube.

Na ce kai, ai toka ba baƙuwarmu ba ce, mu ma muna tace ta mu sa a miya. Me zai hana? Na gwada da farar masarar gida. Karo na farko toka ta yi yawa, abin ya fito da ɗaci, ko akuya ta shinshina ta wuce. Mijina ya yi ta yi mini tsiya, wai an kawo masa amarya ko mai haɗa sabulu. Na ji haushi, shi ya sa ma na nace. A hankali na gane yawan tokar da tsawon tafasar, na aro dutsen niƙa a wurin wata maƙwabciya da ta mayar da shi abin zama, na yi ta gurza har kafaɗuna suka yi tsami. Ranar da wainar masarata ta fara kumbura a kasko, sai da na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida.

Da na tsaya nan, da ban rubuto muku ba. To amma matan can ba farar masara kaɗai gare su ba. Akwai ja, akwai shuɗiya, akwai wadda ta yi baƙi wuluk, kuma na lura in suka samu mai duhun nan har wani ji da ita suke yi. Sai abin ya tsaya mini a rai. Ya ɗanɗanonta yake? Launin yana fita a ruwa ko yana zama? Na tambaya a kasuwar Kebbe, masu hatsi suka yi mini kallon wadda ta zo neman ƙwan zakara, suka ce fara ce da rawaya, in zan saya in saya.

Surukata, wadda kowa a gidan ke kira Inna, tana da ɗan ɗakin girkinta daban. Mace ce marar yawan magana, kuma tsakanina da ita akwai kunya irin ta surukai: gaisuwa, kai abinci, in sunkuyar da kai in fito. Tana ce mini ɗiyata, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. A cikin bazara aka yi rasuwa a danginta a Jabo, ta tafi zaman makoki. Na ce bari in share mata ɗakin girki kafin ta dawo, ta ga an kawo mata surukar kirki. Ina kakkaɓe yanar gizo na ɗaga kai, sai ga wani ɗaurin masara rataye daidai saman murhu, da ɓawonta, hayaƙi ya mayar da ita baƙa ƙirin. Na sauko da ita da niyyar zubarwa, don a ganina tsohon abu ne da aka manta. Ina ɓare ɗaya sai murna ta kama ni. Ƙwayoyin ja ne mai duhu, kamar zoɓo ya ji jiƙo, wasu har suna ɗaukar shuɗi. Abin da na zagaye kasuwa ina nema, ashe yana bisa kaina.

Na san za ku ce me ya hana ni tambaya. Mijina yana kasuwar ƙauye, ita tana Jabo, ni kuma zumuɗi ya rufe mini ido. Gaskiyar magana ko tana nan ban jin zan iya buɗe baki in tambaye ta, kunya ba za ta bar ni ba. Na dai raya a raina cewa in ma tana so, ai akwai wata a rumbu. Ban bar ko ƙwaya ɗaya ba. Na ɓare ta tas, na jiƙa daidai da ranar dawowarta, totuwar kuma na hura wuta da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa girka abu mai kyau irin wannan ba. Ƙullun ya fito da launin makuba, ƙamshinsa ya cika gida. Na dafa wake, na gasa tumatir da tarugu na dandaƙa. Inna ta dawo a gajiye da la'asar, babur ya jijjiga ta a hanyar nan tamu. Na kai mata na koma bakin ƙofa na tsuguna. Ta juya abin tana dubawa, ta gutsura, ta haɗa da wake, sai na ga ta gyara zama. Ta ci sosai, har ta ce in da saura in ƙaro. Ta sa mini albarka, ta ce rabonta da jin masara mai zaƙi haka tun damina. Sannan ta tambaye ni me na zuba ya ba da wannan launi, ko zoɓo ne. Ni kuwa baki har kunne na ce ba komai, launin masarar ne, wadda na tsinta a saman murhunta.

Hannunta yana cikin kwano ta tsaya. Ta tambaya ko duka na sauke, na ce duka. Ta yi salati a hankali, ta cire hannun ta riƙe shi a sama, ba ta lashe ba, ba ta wanke ba. Ta tashi ta shiga ɗakin girkin, ta daɗe tana kallon igiyar da na bari tana reto. Da ta fito sai ta ce in ɗauke kwanon.

Mijina ne ya yi mini bayani, ransa a ɓace, ya ce ke wace irin mutum ce da ba ta san iri ba. Masarar nan mahaifiyar Inna ce ta ƙulla mata a gefen zane ranar da za a kawo ta Kebbe. Masarar tana nuna da wuri, kafin gero ya kai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma da ita Inna ta riƙa rufa wa 'ya'yanta asiri a shekarun wahala. Duk damina takan shuka ta a bayan ɗaki, ta zaɓi masu kyau ta rataye a hayaƙi don kada ƙwari su taɓa. Babu wata a rumbu, abin da na sauke shi ne duka. Na yi kuka har idona ya kumbura, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce sai na nemo. Na matsa wa mijina ya ɗauke ni a babur muka je garinsu Inna, muka bi gida-gida. Tsofaffi sun tuna da masarar, har suna kwatanta zaƙinta in an gasa, amma kowa ya koma sabon iri mai yawan amfani. Wata ƙanwar Inna ta ce ai su ma in sun yi marmari wurin Inna suke aikawa. A wani ƙauye aka ba mu wata ja, na kawo da rawar jiki. Inna ta murza ƙwaya ɗaya a yatsa, ta yi mini godiya, ta ce ba ita ba ce.

Bayan an kwana biyu ta kira ni, abin da ba ta saba ba, ta ce in nuna mata matan nan da na koya a wurinsu. Muka tsaya gindin rijiya, ta kare wayar da hannu saboda rana. Ba kaskon ta kalla ba, ba dutsen niƙan ba. Ta sa yatsa a saman hoton ta ce in duba. Masara ce ɗauri-ɗauri rataye a rufin ɗakin tsohuwar, daidai inda hayaƙi ke bi. Na kalli wannan bidiyo ya fi a ƙirga, ban taɓa ɗaga ido sama da tukunya ba. Inna ta yi ɗan murmushi, ta ce ashe su ma sun sani.

Ta yafe mini tun kafin in roƙa, kuma hakan ya fi mini zafi da a ce ta zage ni. Har yau ina son sanin yadda mutanen duniya ke girki, ban daina ba, ba kuma zan ce wa kowa ya daina ba. Amma 'yan'uwana mata, musamman amare, duk abin da kuka tarar a rataye ko a ƙulle a gidan mutane, komai dauɗarsa, wani ne ya ajiye shi kuma yana da dalili. Ku tambaya, ko kunya za ta kashe ku. Ni na san yadda ake jiƙa masara a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba, amma ban san abin da ke saman murhun gidan da nake kwana ba. Da ruwan farko ya sauka a shekarar, Inna ta ɗauki fartanya ta gyara bayan ɗakinta kamar yadda ta saba. Ta daɗe tsaye a wurin, sannan ta aiko a tambaye ni ko ina da irin kuɓewa.