Yadda Gwaggo Ta Fita Daga Gidan Malam Iro

Babu abin da mutanen unguwarmu a Daura suka taɓa yin ittifaƙi a kansa kamar cewa motar Malam Iro ba za ta sake tashi ba har abada. Makanikai sun faɗa, direbobin tasha sun faɗa. Liman kansa, wanda ba ya tsoma baki a abin da babu ruwansa, ya ce ikon Allah ya wuce haka, amma shi dai bai ga alama ba. Ni kuwa da muka zauna benci ɗaya da shi a elementare, kafin ya tsere ya bi mota, na san abin da ba su sani ba. Idan ana so Iro ya yi abu, to a ce masa ba zai yiwu ba.

Gingimari ce irin ta da, mai dogon hanci da bodin katako, sitiyarinta a dama, tun ta kafin a sauya hannun tuƙi. Ita ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa wa wani attajiri. Da injinta ya buga, maigidan ya bar masa ita a matsayin sallama. Aka jawo ta aka ajiye a bayan ɗakunansa, lokacin wurin fili ne fetal. Ya raɗa mata suna Gwaggo. Kullum bayan sallar asuba sai ya hau ya zauna gaban sitiyari, can ake kai masa koko da ƙosai. Duk wanda ya yi kuskuren cewa ta mutu, sai ya ajiye ludayi ya ce, "Kai, gyara bakinka! Suma ta yi."

Burinsa guda ne: ya loda mata geron gonarsa, ya tuƙa ta da hannunsa har kasuwar Mai'adua. Shekaru aka yi ana dariyar wannan magana. Amma da yanar ido ta rufe masa idon hagu, likita kuma ya ce na daman ma yana hanya, sai wasa ya ƙare. Daidai lokacin na ajiye aikin malamin gona, ya kuwa ɗauke ni mataimaki ba tare da ya nemi yardata ba.

Kuɗi dai babu, sai dabara da taurin kai. Lagireto mai sanyaya inji ya samo a Mashi, musanya da tunkiya. Bel ya ciro daga wani mataccen injin niƙa. Da ya zo gyaran kujeru, sai ya iske kajin maiɗakinsa, Hajiya Dije, sun mai da wurin akurki. Ya kore su, ta fito tana tafa hannu.

"Malam, tun da aka kawo wannan tarkace gidan nan, amfanin da ya taɓa yi ke nan. Kai ma ai ka ci ƙwan!"

Ya ce, "Na ci mana. Wa ya ce miki fasinja na shiga motata kyauta?"

Batun taya kuwa, ina ba da shi ne don gaskiya ta wajabta. Muka samo wata a garin Babban Mutum, wurin wani mai faci da ya kafa ta a bakin hanya alamar shagonsa. Na ce a nemi akori-kura ta kawo mana. Iro ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ga babur, ga ka, sai mu nemi mota?"

Jama'a, haka aka zura mini tayar gingimari ta ka, bisa babbar rigata ta shadda, na zauna a bayansa kamar an dasa ni a tukunya. Muna shigowa gari muka ci karo da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina, mutanen da suke miƙewa tsaye in na shiga ofis. Suka rusuna suka ce, "Ranka ya daɗe, sannu da hanya." Na amsa musu da cikakkiyar natsuwa. Da muka sauka na nuna masa ɓacin raina, ya ce:

"Haba Malam, ai yabo ne. Da ka ci abincin gwamnati yadda takwarorinka suka ci, da ba ka shiga cikinta ba."

Maganar kuwa gaskiya ce.

Wata rana babban ɗansa Lawal, wanda ya gaji da ganin tsohonsa a ƙarƙashin mota, ya kawo 'yan gwangwan har gida da sikelinsu, wai a yanka ta a sayar da ƙarfen. Iro ya fito daga ƙarƙashinta, baƙin mai har gemu, sifana a hannu. Ya gaishe su da kyau, ya sa aka kawo musu ruwa. Sannan ya nuna Lawal.

"Tun da abin da ba ya tashi kuke saye, ku fara auna wannan. Ban taɓa ganinsa a sahun asuba ba."

Suka kwashi sikelinsu, ruwan ma ba su sha ba.

Ana cikin yankan gero Allah Ya nufa. Da hantsi ya ɗaura batirin aro, ya yi bisimilla, ya murɗa. Gwaggo ta yi tari, ta sake tari, sannan ta saki wani ruri da ya tsinka wa awaki igiya. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gida. Hajiya Dije, wadda ta fi kowa gori, ita ta fara rangaɗa guɗa. Iro ya sa giya, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, duba mini baya!"

Na duba. Wallahi sai da na cire hula. Filin da aka shigo da ita ta cikinsa an daɗe da yanka shi fuloti-fuloti. Dama katangar maƙwabci, hagu katangar maƙwabci, baya kuma makarantar Islamiyya, wadda shi Iro da kansa ya taya ɗaukar tubalinta. Shekara da shekaru kanmu yana cikin inji, garin ya zagaye ta ba mu lura ba!

Kafin la'asar labari ya kai tasha. Sai ga shugaban 'yan gwangwan ya dawo yana murmushi.

"Baba, abin ai mai sauƙi ne. Mu fitar maka da ita ta zaure, gunduwa-gunduwa."

Iro ya juya ya dubi zauren. Zauren ƙasa ne mai rufin azara, mahaifinsa ya gina, a cikinsa aka ɗaura aurensa, a cikinsa muke hira tun muna da baƙin gashi. Can ya ce, "Ta zaure za ta fita. Amma ɗungurungum."

Lawal ya ce, "Baba, zauren Kaka ne fa!"

"Kakanka ya gina shi don a shiga a fita. Ga mai fita."

Shi ya fara ɗaga diga. Na tuɓe riga na karɓi shebur. Daga baya Lawal shi ma ya kama. Azara ko ɗaya Iro bai bari an karya ba, ƙasar kuma ya sa aka baje ta zama hanya.

Washegari aka loda gero. Na hau na zauna a gefensa, ya ce, "Malam, yau kai ne idona na hagu. Kada ka ji kunya, in ka ga jaki ka yi ihu." Haka muka ratsa inda zaure yake muka hau titi. Babura suna wuce mu, masu keke ma wani lokaci, shi kuwa yana danna oda ga duk wanda ya taɓa yi masa dariya, ga su kuwa da yawa. Da muka isa Mai'adua ya kashe inji, ya daɗe bai saki sitiyarin ba. Sannan ya ce a sauke kaya.

Bai sake tuƙi ba. Kafin wata kaka idon daman ya rufe. Zauren kuma ba a sami halin mayar da shi ba, sai rumfar kara, a ƙarƙashinta muka ci gaba da hira, a nan kuma muka karɓi gaisuwar rasuwarsa. Ya Allah, Ka gafarta wa Iro, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a gidan da ba a rushewa.

Yanzu ina jin wasu da ba su halarta ba suna cewa wai jan ta aka yi. Ni ina ciki, ba a ja ba, ba a tura ba. Saboda haka ina so jikokinsa su rubuta su adana: ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'adua, Lahadin ƙarshe ta yankan gero, a shekarar da Malam Iro ya rushe zaurensa.