Takun Da Ya Riƙa Bina A Cikin Dawa

Shekarata arba'in da huɗu lokacin da abin nan ya same ni. Ina sana'ar masara da waken suya a Funtua, kuma ni ne mutumin da idan ya shigo rumfa sai an bar masa benci shi kaɗai. Teɓa ce ta gaske, amma ban taɓa ɗaukarta ciwo ba, don a wajenmu in tumbi ya fito cewa ake hutu ya zauna. Sai da gwiwoyina suka ƙi kai ni sujada, na koma sallah a kan kujerar roba a gefen sahu, cikin tsofaffin da suka haifi kamata. Wallahi ranar da na fara zama a kujerar nan kuka ne kawai ban yi ba. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in rage tuwo da maiƙo, in riƙa tafiya a hankali da sanyin safiya. Na fito asibiti da buri ɗaya tak: in ajiye kujerar nan, goshina ya sake taɓa ƙasa.

Abin da ya kayar da ni kunya ce, ko in faɗi gaskiya, girman kai. Magidanci mai 'ya'ya shida, a gan shi da wandon 'yan ƙwallo yana haki a kan titi? 'Yan majalisarmu bakinsu ba linzami, cewa za su yi Alhaji ya zautu, ko wani ne ya biyo shi. Sai na yi wa kaina dabarar wawaye. Rana na take tsaka, lokacin da manoma suka tashi, sai in ɗauki mota in nufi hanyar Tsiga, in ajiye ta a gindin wani mangwaro, in kutsa cikin gonaki. Kaka ta gabato, dawa ta fi mutum tsawo, ba mai ganinka. Likita ya ce tafiya, ni kuwa na ce gudu, don na ƙagu. Har rigar ruwa ta leda nake sawa, saboda na ji ana cewa gumi ne ke narka kitse. Ƙwayoyin ma na daina sha, a ganina mai gudu me zai yi da magani. Maiɗakina kuwa ce mata nake na tafi ƙauye duba kaya.

A mako na biyu na fara jin takun. Ina cikin gudu a wata 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki biyu, sai na ji dif, dif, dif a bayana, taku mai nauyi. Na tsaya. Shi bai tsaya nan take ba, sai da ya ƙara matsowa, sannan ya lafa a hankali kamar mai jira in ci gaba. Na waiga, ba komai sai kara da ganye, ko iska babu, ko kukan tsuntsu. Ta gefen idona kuma sai in ga wani duhu-duhu tamkar mutum a tsaye, ina juyawa ya ɓace. Nan na tuna kakata tana hana mu shiga daji da rana tsaka, wai lokacin ne aljanu masu wurin ke fitowa. Na kama Ayatul Kursiyyu na ƙara sauri, shi ma ya ƙara.

Bai tsaya a gona ba. Na fara jinsa a cikin mota, da a rumfa ina tsakiyar ciniki, da lokacin da na sunkuya alwala. Ga ciwon kai, ga idanuna sun yi jajir. Maiɗakina ta tambaye ni me ya sa kwalin magani bai ragu ba, na daka mata tsawa na ce ba ita ce likitata ba. Allah Ya yafe mini wannan tsawar. Na tafi har Malumfashi wajen wani malami don kada a gan ni a gari. Bawan Allah ya tambaye ni ko na je asibiti, na ce na je, ban gaya masa na watsar da magani ba. Ya ba ni rubutu, ya ce in bar zuwa wurin. Sai na bar wurin ban bar halin ba, na koma gonakin hanyar Kafur. Ranar farko takun ya same ni a can. Duk da haka ban fasa ba, don na ga mazagin wandona ya fara saki. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Ranar wata Alhamis ya matso har na ji shi a ƙeyata. Ina ƙoƙarin ƙara gudu ƙafata ta hagu ta mutu, na kife a tsakanin kunyoyin gonar. Na so in yi salati, harshe ya yi nauyi. Ina kwance, kunnena a ƙasa, ba wanda ke gudu a duk faɗin gonar nan, amma takun bai daina ba. Dif, dif, sai ya yi shiru, sai ya dawo. A lokacin na gane daga cikin ƙirjina yake fitowa. Zuciyata ce ke buga mini ƙofa tun makonni, ni kuma ina gudunta da abin da ke kashe ta. Tsoron da na ji ya fi na aljani, don aljani ana korarsa da addu'a. Wayata tana mota, kuma duk duniya ba wanda ya san inda nake, ni da kaina na zaɓi wurin da ba za a gan ni ba. Na hango shaho yana shawagi, na ce shi ke nan, sai ranar girbi za a tsince ni.

Wani dattijo da ya zo yankan ciyawar awakinsa ne ya gan ni. Da farko gudu ya yi, sannan ya dawo da mutane aka ɗauke ni a amalanke zuwa titi. Daga baya da ya zo duba ni, ya ce kwana da kwanaki mutanen ƙauyensu na ganin wani baƙin abu mai sheƙi yana ratsa dawa da rana tsaka yana gurnani, har mata sun daina kai abinci gona. Ashe ni ne aljaninsu. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, Allah ne Ya taƙaita. Maiɗakina ba ta yi faɗa ba. Rigar ledar kawai ta ɗaga, ta tambaye ni ko likkafanin da na zaɓar wa kaina ke nan.

Ni da nake raina kujera, sai ga ni ina sallah a kwance. Wata huɗu ina koyon tafiya daga gado zuwa zaure, in faɗi, in yi fushi, in ce na haƙura, ita kuma ta miƙo mini sanda ta ce saura taku goma. Da na samu ƙarfi na fito titin unguwarmu bayan sallar asuba, ina dogarawa a gaban kowa. 'Yan majalisa sun yi dariyarsu kwana biyu. A na uku, wanda ya fi kowa tsiya a cikinsu ya biyo ni, ya ce shi ma ciwon suga gare shi yana ɓoyewa. Yanzu mu biyar ne. Bayan shekara ɗaya da rabi goshina ya taɓa tabarmar masallaci, na jiƙa ta da hawaye, kujerar kuwa na bar wa tsofaffi.

Don haka ɗan'uwa, in an ce ka motsa jiki, yi shi a inda idan ka faɗi za a ɗaga ka. Kada ka ajiye maganinka, kada ka nemi sauke nauyin shekara ashirin a wata guda, kuma in jikinka ya yi maka magana, kai shi asibiti ka faɗi gaskiya duka. Dariyar da na guda kwana biyu ta yi ta ƙare. Ƙafar hagun nan kuwa har yau janta nake, kuma da ita za a kai ni kabari.