Sandunan Siddiƙa a Kan Sikeli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Siddiƙa Nu'uman Zango, ƙwararriyar 'yar wasan golf, bayan fama da ciwon ƙoda. Ni Ikilima, 'yar gwaggonta, ni ce mai riƙe mata jakar sanduna shekara da shekaru.

Siddiƙa, a Kaduna kika koyi wasan, inda Kawu Nu'uman yake ban ruwa a filin golf. Kin ci kofi a Jos, kin ci a Ibadan. Can ana tafa miki, a gida kuwa ana cewa ga uwar mata tana bin ƙwallo kamar ƙwan zabo a tsakar rana. Ba ki taɓa ramawa ba. Ni ce mai ramawa, ke kuma ki ja mayafina ki ce, "Yaya, ƙyale su."

Da kika dawo Zango, kika share gefen gonarku, kika haƙa ramuka, kika tara 'yan matan unguwa. Murja 'yar makiyaya ta saba da sandar kiwo, bugunta na farko ya tsallake gonar, kika rungume ta kina dariya. Kin gaji da zirga-zirgar ofisoshi kina nema musu tallafi, kullum "ki dawo gobe". Ranar addu'ar uku sai ga masu ofisoshin nan da manyan riguna, wai ke abin alfaharin ƙasar Daura ce. Wallahi raina ya ɓaci.

A gadon asibiti kin ce mini, "Sandunan nan na yaran ne." Na faɗa wa kowa a gidan. Amma kafin a yi bakwai, ƙaninki Ɗantsoho ya kira mai sayen gwangwan. Na tarar an ɗora su a sikeli tare da tsohuwar garma.

"Yaya, ƙarfe ne fa," in ji shi. "Wa zai ci shi?"

Guda ɗaya na fizge, mutumin ya ta da babur da sauran. Jiya na leƙa gonar, na ga Murja da ƙawayenta sun yi layi, suna karɓa-karɓa da sanda ɗaya. Na zauna na yi kuka.

Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Inna Shatu, da waɗannan yara da kika bari, da Ɗantsoho ma, ko da har yau bai san wadda ya rasa ba.