Dakta Rahamatu Ishaƙ Mawashi, Mai Koya wa Na'ura Aiki

Haihuwa

An haifi Rahamatu a Mawashi ta ƙasar Kusada a shekarar 1978. Mahaifinta, Malam Ishaƙ, malamin Islamiyya ne kuma manomi. Mahaifiyarta, Mairama, mutuniyar Kaikai ce.

Neman Ilimi

Ta sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinta, ta yi firamare a Mawashi da sakandare a Kankiya, sannan a 1998 ta shiga jami'a karatun injiniyan lantarki, ita kaɗai mace cikin ɗalibai arba'in da uku. A can ta fara sanin maikirokontirola, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ba ta wuce farce ba, wadda ake rubuta wa umurni ta sarrafa na'ura. A kanta ta yi digirin digirgir a 2011.

Aure da Koyarwa

A 2004 ta auri Ashiru Sada, malamin asibiti a Kankiya. Bayan shekara biyu ta kama koyarwa a jami'a, inda ta tarar a allo kawai ake karantar da fannin, har ɗalibi ya kammala bai taɓa haɗa waya biyu ba. Ta nemi a sharɗanta cewa ba mai cin darasinta sai ya ƙera abin da ke aiki. Aka yi ta jayayya har 2014, kafin a amince.

Rijiyar Kaikai

A bazarar 2016 injin rijiyar burtsatsen Kaikai ya ƙone karo na uku, domin yakan ci gaba da juyawa ko ruwa ya janye, har makiyaya suka fara shirin ƙaura. Ɗalibanta suka ƙera na'urar da ke kashe injin idan ruwa ya yi ƙasa, amma ranar gwaji zafin rana ya kashe ta kafin azahar. Mai unguwa Hamma ya ce, "Dakta, ku kwashe kayanku, kada ku ƙona mana na huɗu." Ta ce, "Baba, a ba mu kwana bakwai." Suka komo da na'urar cikin tulun ƙasa, suka binne a inuwa don kada zafi ya sake kashe ta. Injin bai sake ƙonewa ba, ba kuma makiyayin da ya tashi. A 2019 mutum-mutumin shuka gero da ajinta ya ƙera ya zo na ɗaya a gasar jami'o'i.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a watan Mayun 2025 bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarta a Mawashi. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Kamilu, Murja, Zainul Abidin, da auta Kamila, wadda takardar shigarta jami'a ta iso kwana tara bayan an kai mahaifiyarta makwanci. Allah Ya jiƙanta da rahama.