Dakta Lailatu da Irin Dawarmu da Aka Kulle

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 2025, ana cikin azumi, ina gyaran rumbuna da aka ƙona a Kakangi ta ƙasar Birnin Gwari, aka kira ni a waya aka ce Dakta Lailatu Nababa ta rasu a Kaduna bayan gajeriyar jinya. Sai na zauna a ƙasa. Ni Ishaya Bature, shugaban manoman ƙauyenmu, na binne mutane da yawa a shekarun nan har na zaci hawayena sun ƙare. Ashe da saura.

Dakta, ke malamar jami'a ce a fannin noma, haifaffiyar unguwar Magajin Gari, ba abin da ya tilasta miki waiwayarmu. Lokacin da 'yan bindiga suka ƙone mana rumbuna muka gudo cikin gari, masu taimako sun zo da shinkafa da tabarmi, mun gode musu. Ke kuwa kika zo kina bin mu ɗaya bayan ɗaya kina tambaya ko akwai wanda ya tsira da zangarniyar iri. Na yi fushi a ranar. Na ce a raina, mutane na kuka da yunwa, wannan baiwar Allah tana zancen shuka! Ban gane ba sai daga baya. Dawarmu gajeriya ce mai nuna da wuri, iyayenmu suka bar mana ita, kowace shekara mu zaɓi zangarniya mafi kyau mu rataye saman murhu hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Ba a sayar da irinta a kasuwa. Da gidajen suka ƙone, ita ma ta tafi, sai 'yan zangarniyoyin da Mairo, matar marigayi Micah, ta ƙulle a zaninta da ta ruga daji.

Kika roƙi Mairo ta ba ki su, kika ba ta hatsin ci a madadinsu, kika kai gonar jami'arku kika shuka. Da hannunki kika riƙa rufe kawunan dawar da buhunan takarda don kada tsuntsu ya ci, kada kuma ta gauraya da wata. Duk kaka sai kin shigo motar haya kin biyo wannan hanya da maza ke tsoro, kin zo kin nuna mana abin da aka samu. Kina cewa, "Baba Ishaya, duk ranar da kuka koma gida, dawarku na jiranku." Ba ki taɓa tambayar wane ne mai zuwa coci, wane ne mai zuwa masallaci ba.

Abin da ke cin raina ke nan, kuma zan faɗa ko da ba a saba faɗar irinsa a ta'aziyya ba. Bara jami'arku ta aiko mota ta kwashe mu, wai za a karrama malaman da suka yi wa al'umma hidima. Muka wanke tufafinmu, Mairo ta ɗauko zuma don ta ba ki. A ƙofar zauren ga ƙaton hoton dawarmu, ga hannunki riƙe da ita, amma an yanke fuskarki. Da aka zo kan aikin Birnin Gwari muka miƙe tsaye, Mairo ta soma guɗa. Sai aka kira sunan wani farfesa da sau ɗaya muka taɓa gani, ya tsaya a bakin gari aka ɗauke shi hoto ya juya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ashe an kawo mu ne mu yi wa wani tafi. Na yunƙura zan yi magana kika riƙe min hannun riga kika ce, "Zauna, Baba. Ba lambar yabo ake shukawa ba." Kin yi murmushi, amma na ga idonki. Daga baya na ji cewa har ƙarin girma an hana ki, wai abin da kike yi ba bincike ba ne, aikin malamin gona ne.

Kin haƙura, ni ban haƙura ba. Bana mun fara komawa gida, mun soma sharar gona. Bayan an yi sadakar bakwai ɗinki na je jami'ar karɓar irinmu. Na tarar da ɗakin ajiyarki da kwaɗo. Aka ce min duk abin da ke ciki kayan jami'a ne, sai kwamiti ya zauna. Na ce yaushe? Aka ce a saurara. Wanda ya faɗa min haka bai ji kunya ba, ya ƙara da cewa in yi murna, an yanke shawarar karrama ki a watan Agusta, za a aiko mana mota. Agusta! Haba jama'a, wa ke shuka dawa a Agusta? In ruwan Yuni ya wuce mu, shekara ta wuce mu, kuma ba mai leƙa buhunan nan ya ga ko ƙwari sun shiga. Wannan karramawa ihu ce bayan hari, ba za mu shiga motar ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Hajiya Aminatu, da maigidanki Malam Munzali, da 'ya'yanki, da ɗalibanki. Mu mutanen Kakangi mun yi rashin uwa. Allah ya jiƙanki, Dakta, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da abin da mutane suka hana ki. Ya ba iyalinki haƙuri da dangana. Su kuma masu riƙe da mabuɗin, Allah ya taɓa zuciyarsu kafin ruwan fari ya sauka, domin mun gama sharar gona kuma ba mu da abin zubawa a rami.