Takardar da Baba ya kai Gwandu

Yayana shi ne ɗan fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Tun yana ƙarami ya koma Gwandu wurin kakarmu, mahaifiyar Baba, mu kuwa muna Kalgo inda Baba ke koyarwa. Duk damina ciwon ƙashi ke kayar da shi. Idan muka je dubiya, Inna takan tsaya bakin ƙofa tana murɗa gefen zanenta, gwaggonnina na cewa ciwon daga danginta ya zo. Ina jin haushinsu har yau, ba zan ɓoye ba.

Wata shekara wani mai inshora ya zo makarantar su Baba da tsarin ajiya don karatun yara. Baba, da bai iya ganin fom bai cika ba, ya sa sunan yayana. Suka ce sai an gwada jinin yaro. Aka gwada a Birnin Kebbi, aka ce sikila ce, kamfanin ya janye hannunsa. Babu dokar da ta hana shi, haka aka gaya wa Baba.

Amma likitan ya ce ciwon ba ya samuwa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi. Baba ya miƙa hannu aka ɗebi nasa jinin.

Ran Juma'a ya kwashe mu zuwa Gwandu. Yayana na kwance a ɗakin kaka yana nishi. Baba ya tara 'yan'uwansa a tsakar gida, ya karanta takardar gwajin jininsa, ya fassara.

"Ciwon ga rabi nawa na," ya ce. "Daga gidan ga ya hito. Ku bar ɗora mata."

Babbar gwaggona ta ce takardar likita ba aya ba ce. 

Kaka ta daɗe tana kallon takardar, ita da ba ta karatun boko. Sannan ta juya ga Inna, wadda ke inda ta saba tsayawa.

"Ke, shiga ki riƙa ɗanki. Kunyar ta isa."

Inna ta shiga. Na leƙa ta labule, na ga ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta za ta matsa, sai hannunta ya rasa inda zai fara. Shekararsa goma sha huɗu a lokacin. Shi ya kama hannun, ya nuna mata inda ke ciwo.