Gonar Kawu Attahiru da Wasan da Ya Ƙi Ƙarewa

Kawuna Attahiru manomin gero ne a Katanga, kusa da Jega, kuma har ya koma ga Allah bai gane ƙwallo ba. Shi kokawa ya sani: mutum biyu su kama juna, ɗaya ya sha ƙasa, a watse. Sai dai yana da tausayin 'yan makaranta, abin da ya ja masa ke nan.

Bazarar farko bayan an ba mu jihar Kebbi, malaman sakandare suka shirya gasa tsakanin ɗaliban Jega, Aliero da Maiyama, har da kyauta ga yaron da ya haɗa ƙwallo da karatu. Filin makaranta an jibge masa bulon gini, gonar Kawu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ga ta a bakin hanya. Malam Tukur, mai kula da wasanni, ya zo aro. Kawu ya ce a gaban jama'a, "Na ba ku, har a samu wanda yak kada wani." A zatonsa aikin yini guda ne.

Aka yi ta bugawa har hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ranar wasan ƙarshe, Jega da Aliero suka tashi ba wanda ya ci.

"Malam, wa yac ci?" in ji Kawu.

"Ba kowa, Baba. Sai an sake wani mako."

"To gudun mi sunka yi tun la'asar?"

Kafin makon ya zagayo aka yi ruwan shuka. Duk Katanga ta fita da sungumi, Kawu yana tsaye yana kallon turakun gola a gonarsa. Matarsa Balaraba ta ce ya tumɓuke su. Ya ce ya riga ya yi magana gaban mutane. Ni kaina na ji haushinsa ranar, don rumbunsa ya kusa ƙasa.

Aka sake, aka kuma tashi kunnen doki. Nan Malam Tukur ya ce a yi fenariti. Kafin a kira magariba Aliero ta ɗauki kofi. Kawu ya riƙe baki.

"Ashe kuna da dabarag ga, kunka bari ruwa yaw wuce ni?"

Bai gama wannan mamaki ba sai aka kira Waliyyu, ɗaya daga cikin 'yan Maiyama, waɗanda aka fitar tun zagayen farko, aka ce shi ne gwarzo, don ya fi kowa a jarrabawa, ga shi mai tsaron gida na kirki. Kawu aka ba kyautar ya miƙa masa. Ya miƙa, ya shafa kan yaron, ya sa masa albarka da gaske, sannan ya juyo ya tambaye ni a hankali ko an yi kuskure ne.

Ya yi shuka a makare, a ƙasar da ƙafafu suka daddaɓe kamar daɓen ɗaki. Ruwa ya ɗauke geron bai yi ido ba.

Mutumin da bai taɓa cin hatsin kasuwa ba, shekarar nan da kansa ya ɗauki buhu ya tafi awo Jega. Mai hatsin ya gane shi, ya miƙe da murna yana kiran 'yan kasuwa su zo su ga Baban 'yan ƙwallo. Kawu ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, buhun a naɗe a bayansa, ya dawo gida bai auna ba.